Tafiyata Dubai da Uwar Maƙwabciyata

Kwali na uku da ya iso mini daga Dubai a shekara ta biyu ta annobar korona shi ne ya ƙure haƙurina. A tsakar falo na buɗe shi, a gidanmu na hawa na goma sha huɗu a Setapak, na ɗaga abaya ta farko na kara a jikina. Ni da ake kira doguwa a gidanmu, sai ga gindin rigar kwance a ƙasa. Na ɗaga ta biyu, haka. Na zazzage kwalin gaba ɗaya, babu wadda ta fita daban.

A lokacin shekararmu biyar a Kuala Lumpur. Maigidana yana karatun digirin digirgir, ni kuma ina saida abaya da gyale da turaren wuta daga cikin gida. Da farko matan 'yan Najeriya ne kawai masu sayen kayana, daga baya matan Malay na benenmu suka gane hanya, har suka fi namu yawa. To su mutane ne gajeru. Wannan ba abin ɓoyo ba ne, kuma na faɗa wa mai yi mini sayayya a Dubai, wani mutumin garinmu da ya daɗe a can, na rubuta masa awo, na aika masa hoton tef a jikin mace, na sake maimaita masa a murya. Kullum amsarsa ɗaya ce, kada na damu, ya gane. Kaya su zo kamar don matan Sudan aka ɗinka su.

Wata maƙwabciyata 'yar Malay da ta daɗe tana jiran tata ta zo ta gwada a bakin ƙofa, takunkumi a fuskarta. Ta yi taku biyu ta taka rigar, saura kaɗan ta kifa. Ta cire ta miƙo mini tana dariya, ta ce tak boleh lah, wato ba zai yiwu ba. Ita ta yi dariya, ni kuwa na rufe ƙofa na zauna a kan kwalin. Ga azumi na matsowa, kuma kasuwar abaya a garin nan ta ƙaramar salla ce, wadda suke kira Raya. Wadda ta rasa wannan lokacin sai ta jira baɗi.

Da maigidana ya dawo daga makaranta na ce masa da ƙafata zan je. Bai ce a'a ba, amma ya jero mini abin da ke gabana: shaidar rigakafi, bizar Dubai, gwajin hanci kafin tashi, da kuma takardar izinin sake shigowa Malesiya, wadda in babu ita mai zama a ƙarƙashin bizar ɗalibi zai fita ne ya kasa dawowa. Ya ce in na iya haɗa waɗannan, shi zai iya riƙe yara kwana biyar. Ina jin ya ɗauka zan gaji na bari. Sati uku na yi ina cike takardu a waya, ana dawo mini da su saboda hoto ya yi duhu ko sa hannu bai fito ba, har dai izinin ya fito.

Mutum ɗaya na faɗa wa zan yi tafiya. Kafin la'asar ta ranar, guruf ɗin matan 'yan Najeriya na waya ya ɗauka, daga Setapak har Bukit Jalil. Sautu ya fara zubowa. Wannan tana son turare irin wanda ta taɓa shaƙa a jikin wata a wurin suna, ba ta san sunansa ba. Waccan ta aiko mini da ɗan kunnen gwal ƙwaya ɗaya, wai na nemo mata ɗan'uwansa da ya ɓata. Akwai wadda ta ce na sayo mata injin markaɗe, abin da ake sayarwa a kantin da ke ƙasan benenta. Da na ce mata akwai shi a nan, sai ta ce ai na Dubai ya fi ƙarko. Shekara biyu mutane na kulle, kowa ya tara buri, kuma duk aka sauke shi a kaina.

Sautu mafi nauyi kuwa da ƙafarsa ya zo. Maƙwabciyata ta ƙofa da ƙofa, Bakanuwa, matar wani malamin jami'a, ta shigo da mahaifiyarta. Hajiya ta zo ne wankan jego na wata biyu, aka rufe ƙasa a kanta. Jaririn da ta zo wankansa yanzu yana gudu a baranda yana kiran ta da sunan da 'yan Malay ke kiran kaka. Ta ƙosa ta koma gida, kuma an buɗe hanyar Kano ta Dubai. 'Yarta ta ce ba za ta iya sakin tsohuwa ita kaɗai ba, ga ta ba Turanci, ga ciwon gwiwa. Tunda Allah ya kawo tafiyata, sai mu tafi tare, ta kwana uku a Dubai ta yi 'yar tsaraba, na sa ta a jirgi. Hajiya na zaune tana kallona kamar mai duba akuya a kasuwa. Ta ce ita ma ta yi shekara talatin tana saida atamfa a Kantin Kwari, don haka ba nauyi za ta zame mini ba, taimako ne Allah ya aiko mini. Maƙwabciyar nan tawa ita ta riƙe mini yara ranar da aka kwantar da ni asibiti. Da wane baki zan ce a'a?

Tun daga wurin gwaji na fara gane abin da na ɗauko. Hajiya ta riƙe hannun ma'aikaciyar ta ce wannan tsinken ba zai shiga hancinta ba sai an gaya mata tsawonsa. Sai da 'yarta ta lallashe ta. A filin jirgi kuma matar da ke kan kanta ta ga koren fasfo ta fara karanto mana sharuɗɗan masu tasowa daga Najeriya. Na nuna mata hatimin shigowata, na ce rabona da Najeriya shekara uku. Ta kira wani, shi ma ya kira wani, muka tsaya kusan awa guda kafin su yarda cewa daga Kuala Lumpur muke tashi, alhali a Kuala Lumpur muke tsaye. Ana gama wannan aka ɗora akwatunan Hajiya a sikeli suka zarce ƙima. Aka buɗe, sai ga tukunyar shinkafa mai lantarki guda biyu, da busassun ƙananan kifaye leda-leda, da silifas na jikoki. Ta ce ko tsinke ba za ta bari ba. Akwatina da na taho da shi wayam don na ciko shi da kaya, shi aka cika da tukwane da kifi.

Mun sauka a wani ƙaramin otal a tsohon gari, kusa da mashigin ruwan da kwalekwale ke ƙetarawa da mutane. Dubai ɗin da ake gani a hoto, mai dogayen gine-gine na gilashi, daga nesa kawai na hango ta ta tagar mota, tana tsaye cikin hazo. Inda muke lunguna ne matsattsu, shago a jikin shago, masu turin kura na ihu a ba su hanya. A taku ashirin sai ka ji harshe biyar. Ba'indiye na ciniki da Bahabashiya, ɗan Afganistan na auna wa 'yar Rasha yadi, ga 'yan Senegal, ga 'yan Chadi, ga namu. Balaraben garin kuwa sai ka wuni ba ka ga ko ɗaya ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne jin Hausa a bakin 'yan Pakistan. Muna wucewa suna kira, Hajiya zo ki gani, akwai sabo, akwai rangwame. Hajiya ta tsaya cak ta ce ashe gida muka zo. Daga wannan lokacin ciwon gwiwa ya tafi hutu.

Na yi tsarin kwanakina tun daga gida: ranar farko yadi, ta biyu tela da turare, ta uku sautun mutane da kai Hajiya filin jirgi, sauran biyun na haɗa kaya na kai wa masu kago, wato kamfanin aika kaya. Ranar farko ba mu wuce shago huɗu ba. Hajiya ba ta shiga shago ta fito. Sai ta nemi kujera, ta sa a sauko da bandir goma, ta murza kowanne, ta shinshina, ta tambayi mai shagon garinsu da yawan 'ya'yansa, ta taya kaya da abin da zai sa mutum ya ji kunya, sannan ta miƙe ta ce ba ta so. Takunkuminta kullum a haɓa yake. Ana cin tara a kan haka a garin, kuma duk shagon da muka shiga sai an yi mata nuni. Ni ce mai ja mata shi sama, ita ce mai ja da shi ƙasa, wai yana hana ta jin ƙanshin yadi.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, ta san kaya. A shago na huɗu na zaɓi wani baƙin yadi mai laushi, aka gama magana, mai shagon ya shiga ciki ya fito da bandir a naɗe a leda. Ni har na miƙa hannu. Hajiya ta ce a buɗe. Ta zare zare ɗaya daga gefe, ta fita da shi bakin ƙofa cikin rana ta kara da ƙyallen da muka zaɓa, ta dawo ta ajiye masa a kan tebur. Wannan baƙin yana da ja-ja a cikinsa, irin wanda wanki biyu ke mayarwa kalar ƙasa. Mutumin ya yi ta rantsuwa kuskure ne, ya koma ya kawo na gaskiyar. Na yi mata godiya, kuma na yi nadamar godiyar, don daga nan ta ɗauka kasuwancin nawa ya koma hannunta.

Washegari mutumin da ke yi mini sayayya ya zo ya raka mu wurin tela. A hanya na tambaye shi dalilin da ya sa sau uku yana aiko mini da abin da ban ce ba. Ko a jikinsa. Ya ce shi da ya ga awon ya ɗauka kuskure na yi wajen rubutu, don bai taɓa ganin babbar mace mai wannan tsawon ba, shi ya sa yake gyara mini. Yana faɗa yana jiran na gode masa. Na haɗiye abin da ya zo bakina saboda a titi muke.

Telan ɗan Bangaladash ne, mai sanyin murya, shagonsa a saman wani bene, kekuna shida a jere. Na ba shi takardar awo, na yi masa bayani dalla-dalla cewa matan da zan sayar wa gajeru ne, kuma suna hawa jirgin ƙasa da babur, ba sa son riga mai sharar ƙasa. Ya ce ya fahimta, zai fara yanka yau, gobe na zo na ga samfuri. Lokacin azahar ya yi, na sauka masallacin mata da ke kusa, na bar Hajiya a kujera saboda matakalar benen ta yi mata yawa.

Da na koma washegari ya ɗauko samfurin ya warware, na ga rigar ta sauka har ƙasa ta kwanta. Na ce wannan ba awona ba ne. Telan ya dube ni, ya dubi Hajiya, ya ce ai mamana ce ta ce a ƙara taƙi guda a kowacce bayan na fita, kuma mutumin da ya kawo mu ya fassara masa. Ya riga ya yanka rabin yadin a haka.

Na juya na kalli Hajiya. Ta gyara zama ta ce, "Ni na sa. Wace mace ce mai mutunci za ta sa abaya idon sawunta a waje? Gyara miki na yi, 'yar nan."

Ban san lokacin da muryata ta tashi ba. Na ce, "Hajiya, shekara biyu kina zaune a cikinsu, kin taɓa ganin wadda ta kai kafaɗata? Saboda wannan taƙin na baro 'ya'yana na hau jirgi. Don Allah ki bar mini sana'ata."

Kekunan ɗinki suka tsaya. Hajiya ta ja takunkuminta sama da kanta, karo na farko tun da muka sauka, ta kama ƙarfen matakala ta fara sauka. Na bi ta a baya ina jin kunya da haushi a haɗe. Telan ya ce zai iya rage tsawon, amma adon dutsen da ke gindin riga sai an warware an sake, kuma hakan zai ci kwanakin da ba ni da su.

Ranar a kan sautun mutane na ƙarasa hucewa, ko na ce na ƙara ƙuluwa. Kowacce sai an kira ta a bidiyo ta gani da idonta. Juya shi. Kai shi wurin haske. Ba wannan ba, na bayansa. Mai turaren da ba ta san sunansa ba ta sa na yi ta shinshina kwalabe ina kwatanta mata ƙanshi ta waya har kaina ya fara ciwo. Mai ɗan kunne ta ce wanda na samo ya fi nata girma da kaɗan, na ƙara dubawa. Masu shago suna kallona da tausayi. Hajiya na biye da ni shiru, ba ta taya ba, ba ta hana ba, kuma shirun nata ya fi surutunta damuna.

Da yamma muka je gwajin da ake buƙata kafin ta hau jirgin Kano. Ni ma na yi nawa. Da safe sakamako ya shigo wayata. Nawa lafiya. Na Hajiya ya nuna tana ɗauke da cutar.

Ko tari ba ta yi. Ta ce injin ƙarya yake yi, a sake. Aka sake, haka ya fito. Doka ta ce kwana goma a killace. Otal ɗin suka mayar da ita wani ɗaki a ƙarshen baranda, ni ma aka ce na zauna a nawa na wasu kwanaki a sake gwada ni, tunda tare muke kwana. Na kira 'yarta ta fashe da kuka, tana roƙona kada na bar ta. Na kira maigidana ya ce yara sun gaji da burodin mamak, shagon Indiyawan da ke ƙasan gidanmu, don shi abin da ya iya ke nan, ya sauka ya yi tapau, wato ya sayo a ƙunshe, ya hawo. Ya kuma tuna mini cewa izinin dawowata yana da wa'adi, kuma zai ƙare kafin kwana goman su cika. Haka na zauna a gefen gado na sake cike takardun da na sha wahalarsu sati uku, aka dawo mini da su sau biyu.

Da gwajina na biyu ya fito lafiya aka sake ni, sai na zama 'yar aiken Hajiya. Abincin otal ta ce ba abinci ba ne, shinkafa ce mai warin magani. Na yi ta tambaya har na gano wani gidan abinci na 'yan Najeriya a wani lungu, inda ake tuwon shinkafa da miyar kuka. Sau biyu a rana nake zuwa, na ajiye a bakin ƙofarta na ƙwanƙwasa na ja da baya. Ta ce miyar ba daddawa. Ta ce a nemo mata goro. Ta ce talabijin ɗin ɗakin ba ya jin magana. Fushin da take yi da ni ya wuce ba tare da an yi zancensa ba, ta koma kirana a waya kowace awa tana tambayar inda nake da abin da na saya, tana gaya mini an cuce ni tun kafin ta ji farashi.

A rana ta shida, bayan la'asar, na kai mata abinci na ƙwanƙwasa, ta ce kada na tafi. Na zauna a ƙasan baranda na jingina da bango, ita tana ciki, ƙofa a tsakaninmu. Can ta ce ƙanwarta da suke ciki ɗaya ta rasu a Kano a watannin farko na annobar, lokacin da aka yi ta mutuwar tsofaffi. Su biyu suka rage a ɗakinsu. A waya aka gaya mata, tana riƙe da jariri. Ba ta ga gawa ba, ba ta zauna zaman makoki ba, har yau ba ta taka gidan ta yi wa 'ya'yan gaisuwa ba.

"Kullum ina lissafin kwanakin da suka rage na je na ga yaran nan," in ji ta. "Na zo har rabin hanya, an sake rufe ni a ɗaki."

Na ce Allah ya ji ƙanta, ya sa ta huta. Ta ce amin. Na ce ta yafe mini abin da ya faru a wurin tela. Ta ce ai ya wuce, amma har yanzu tana nan a kan bakanta, rigunan sun yi gajarta. Na miƙe na tafi kafin na sake cewa wani abu.

Kwanakin da aka ƙara mana su suka ba tela damar warware adon ya sake. Kullum sai na hau benen nan da tef ɗina na auna da kaina, har ma'aikatansa suka riƙa dariya in sun ji takuna. A cikin waɗannan kwanakin ne kuma na ɗan ga garin. Na hau kwalekwale na ƙetara ruwa tare da leburori da masu yawon buɗe ido, na shiga jirgin ƙasan da ba direba na je har gindin dogayen gine-ginen, na ɗaga kai na kalla, na dawo. Abin da ya tsaya mini a rai ba su ba ne. A kowane shago in ka tambayi mutum yaushe rabonsa da gida, sai ya ce tun kafin korona. Telan ma yana da 'yar da aka haifa bai taɓa ɗaukarta ba.

Ranar da aka sallami Hajiya na kai ta filin jirgi. Na nemo mata mai tura keken marasa lafiya, ta ce ita ba gurguwa ba ce, sannan ta hau. Akwatunanta sun ƙara nauyi, don tana killace ma ta sa na yi mata tsaraba, muka sake tsayawa gaban sikeli ana cirewa ana mayarwa. Da za a wuce da ita ta kama hannuna ta yi mini addu'a doguwa, ta ƙare da cewa na rage saurin fushi. Izinina ya fito kwana biyu bayan tafiyarta. Tafiyar kwana biyar ta zama ta kwana goma sha shida.

A Kuala Lumpur aka ɗaura mini abin hannu na masu killacewa, aka ce na zauna a gida mako guda. Na shige ɗaki ɗaya, yara suna leƙowa ta ƙofa suna tambayata da Turanci me na kawo musu. Falon kuwa ba ya kalluwa, ledojin abinci ko'ina. Tun a daren farko masu sautu suka fara kira. Na ce ina killace, suka ce ai ba sai sun shigo ba, na ba maigida ya sauko musu da shi. Bawan Allah yana tsakiyar rubuta babin ƙarshe na karatunsa, ya koma hawa da sauka a lifta da ƙullin turare da gyale. Wata ta dawo da nata ta ce kalar ba haka ta gani a waya ba. Kayan kago da aka ce mini sati biyu sai da suka yi biyar, suka iso a goman ƙarshe na azumi, lokacin da rabin masu jirana sun riga sun saya a wani wuri. Waɗanda suka rage sun saya, kuma rigunan sun zauna musu daidai. Ragowar na yi ta sayarwa a hankali har babbar salla.

Ana saura kwana uku ƙaramar salla mahaifiyata ta kira ni daga Kano. Ta ce wata Hajiya ta zo gidanmu jiya a adaidaita sahu, ta yi ta tambaya a unguwa har aka nuna mata ƙofa. Ban taɓa ba ta kwatancen gidanmu ba, sunan unguwa kawai na taɓa ambata mata. Ta kawo wa mahaifiyata turare da dabino, ta wuni tana ba ta labarin 'ya'yana, jikokinta da ba ta gani ba shekara uku, yadda babbar ta yi tsawo, yadda ƙaramin ke cin shinkafa da hannu irin na mutanen can. Mahaifiyata ta ce matar ta gaya mata ita ce ta kai ni Dubai ta nuna mini kan kasuwa, kuma na yi mata hidima kamar 'yar cikinta.

Sannan muryar mahaifiyata ta canja. Ta ce amma akwai abin da ta ji wanda bai yi mata daɗi ba. Wai da gaske ne na ɗaga wa sa'ar uwata murya a gaban maza a shagon tela? Na fara bayanin awo da taƙi da tsawon matan Malay, ta katse ni ta ce ba ta tambaye ni tsawon kowa ba. Ta ce na kira baiwar Allah na ba ta haƙuri. Na ce na riga na ba ta tun a Dubai. Ta ce na sake, tana so ta ji daga bakin Hajiyar cewa na kira. Na ajiye waya, na tashi na ƙwanƙwasa wa maƙwabciyata na karɓi lambar.